Wace kalma za mu ba "ikweshan" da "x"?

Jiya da daddare ƙanina ɗan ƙaramar sakandare ya kawo min aikin gida: wata mata ta sayi gero mudu uku, ta ba ɗan dako naira 200, duka-duka ta kashe 3,800, nawa mudu ɗaya? Na fassara masa da Hausa, ban rufe baki ba ya ce 1,200. Da na ce ya rubuta ikweshan ɗin, wato jimlar lissafi mai ɓangare biyu da alamar "=" a tsakiya, sai ya yi tsuru-tsuru. Lissafin yana kansa, sunan ne ya firgita shi.

Shi ya sa na zo neman kalma, jama'a.

"x", harafin da ake sa wa adadin da ba a sani ba, bai ba ni wahala ba, muna da shi tun tuni: kaza. Ba mai ƙwai ba, irin ta "ya ba ni kuɗi kaza". Masanin lissafi Al-Khwarizmi ma, da ya rubuta littafinsa na aljabara a Bagadaza wajen shekara ta 820, abin da ba a sani ba "shai'" ya kira shi, wato abu. Ba alama ko ɗaya a ciki, zance ne zalla, kuma babban ɓangarensa lissafin gado da wasiyya ne.

Na gwada da yaron: kaza sau uku, a ɗora 200, daidai yake da 3,800. Cire 200 nan, cire 200 can, saura 3,600. Raba uku nan, raba uku can. Kaza ta fito 1,200. Har dariya ya yi.

Ikweshan ɗin ne ya tsaya min a wuya. Wani malamin Islamiyya ya ce mu ɗauki "mu'adala" ta Larabci. Kalma ce mai kyau, amma yaron da bai yi Larabci ba, an sauya masa baƙo da baƙo ne kawai. Wata malamar lissafi ta ce "ma'auni". Na so shi, don sikeli yake kawowa a ido, abin da ka ɗauke daga faranti ɗaya sai ka ɗauke daga ɗayan. Matsalar, mudu ma ma'auni ne, ga shi tambayar tamu cike take da mudu.

Ni dai na karkata ga "daidaito", tunda kalmar "daidai" ce muke faɗa a tsakiyar jimlar. Irin wanda kaza ba ta ninka kanta a cikinsa kuwa, "miƙaƙƙen daidaito", don in aka zana shi layi ne sambal.

Malaman firamare da na sakandare, da me kuke kiran ikweshan a aji in Turancin ya ƙi shiga?