Tun da aka sare shi a gona, maigidana ya daina yarda da ni

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina wani ƙauye kusa da Haɗeja. Bara da kaka wasu suka far wa maigidana da adda a gona. Raunin ya warke, amma da gora yake kwana, ko akuya ta motsa sai ya zabura. Yanzu cewa yake da bakina aka cuce shi. Ba ya cin tuwona sai autarmu ta fara ɗanɗanawa, wannan ya fi komai ƙona min rai, shekara 14 muna tare. An yi ruƙiyya, an sha rubutu, shiru. Yayansa ya ce mu kai shi asibitin ƙwaƙwalwa na Kazaure, shi kuwa ya rantse so muke a ɗaure shi. Don Allah ta yaya zan shawo kansa? Ko in fara kai yaran gidanmu?