Wai Yahudawan duniya nawa ne, kuma ina suka fi yawa?

Baban Khalifa: Salamu alaikum jama'a. Jiya a majalisa muka yi ta musu da wani abokina har aka kira isha'i, wai shi Yahudawan duniya kaf ba su kai miliyan 16 ba. Na ce wallahi da sake, mutanen da kullum ka kunna rediyo sai an ambace su, ai ko miliyan ɗari sun haura

Malam Ticha: Wa alaikumus salam. Baban Khalifa abokin nan naka ya fi ka gaskiya fa. Lissafin shekarun nan miliyan 15 da dubu ɗari bakwai zuwa takwas ne. Ka haɗa Kano da Katsina a ƙidayar 2006, miliyan 9.4 da miliyan 5.8, to kusan yawansu kenan a duniya baki ɗaya.

Baban Khalifa: Haba Malam!! jiha biyu kacal?

Maman Ummi: nima abin ya ɗaure min kai, amma dai duk a Isra'ila suke ko

Malam Ticha: A'a Hajiya, na can ko rabi ba su kai ba, miliyan 7 da 'yan kai ne, wajen kashi 45 cikin ɗari. Sai Amurka ke bi mata. Daga nan kuma sai lissafi ya rikito, Faransa dubu 440, Kanada wajen dubu 400, Ingila dubu 300 da ɗoriya, Ajantina dubu 170.

Ɗan Zariya: Malam a nan kam ban yarda ba, Allah ya huci zuciyarka. Amurka ce gaba ba Isra'ila ba. Pew, wata cibiyar bincike da ke can Amurka, ta yi bincike a 2020 ta samu miliyan 7.5 a Amurka manya da yara, kuma a lokacin na Isra'ila ba su cika miliyan 7 ba, to ta ina ta zama ta ɗaya

Malam Ticha: Ƙanina ba ƙarya ka yi ba, amma akwai wani farfesa a Jami'ar Hebrew da ke Ƙudus, Sergio DellaPergola, shekara da shekaru aikinsa kenan ƙirga su, shi miliyan 6 da 'yan kai yake ba Amurka. Rigimar duk a kan waye Bayahude take. A shari'arsu ta uwa ake gado ba ta uba ba, ko kuma mutum ya shiga addinin a hannun malamansu. To ga yaro a New York babansa Bayahude mamarsa Kirista, bai taɓa taka wurin ibadarsu ba amma in ka tambaye shi ya ce shi Bayahude ne ta jini, wani mai ƙirga zai sa shi wani ya cire shi, kuma irinsa sun yi yawa a Amurka saboda auren waje. Ga shi ƙidayar gwamnatin Amurka ba ta tambayar addini, kowa kintace yake.

Ɗan Zariya: Ai kuwa in mutum ya ce shi kaza ne waye farfesa da zai ce a'a. Ita Isra'ilar ma tun 1970 dokarta ta ba jikan Bayahude damar zama ɗan ƙasa

Maman Ummi: to su Inyamuran da ke cewa su Yahudawa ne fa, suna ciki?

Malam Ticha: Ba sa ciki Hajiya, Isra'ila ba ta amince da su ba. Na Habasha ta karɓa, a 1991 ma sama da dubu 14 aka kwasa a jirgi cikin kwana biyu.

Baban Khalifa: Ni dai har yanzu ƙanƙantar adadin ce ta tsaya min a rai

Malam Ticha: A 1939 sun kai miliyan 16.6, Hitila ya kashe wajen miliyan 6, Polan kaɗai tana da sama da miliyan 3 kafin yaƙin duniya na biyu. Har yau ba su koma adadin 1939 ba. Maroko da take da wajen dubu 250 a 1948 yanzu 'yan dubbai suka rage.

Ɗan Zariya: Wannan duk na yarda. Maganar Amurka ce dai ina nan kan bakana

Baban Khalifa: ku kuna ta Amurka, ni da na ce masa in ya yi gaskiya zan sayi tsiren dubu biyu yau da daddare