Emil Nolde: zaluntarsa aka yi, ko shi ma ɗan Nazi ne?

Sadiya: Jama'a ni fa na kasa gane abin da ya sa ake ta caccakar Emil Nolde, mai zanen nan na Jamus. Mutumin da 'yan Nazi, jam'iyyar Hitler, suka kwashe zanensa sama da 1,000 daga gidajen tarihin Jamus, a 1937 suka rataye wasu a baje kolin Munich don kawai jama'a su zo su yi dariya, a 1941 kuma aka hana shi sana'ar. In wannan ba zalunci ba ne to mene ne?

Malam Habu: Duk abin da kika faɗa haka ne Sadiya, amma kin ci rabi kin bar rabi. Tun 1934 ya shiga jam'iyyarsu, ƙin Yahudawa kuma a rubuce yake cikin wasiƙunsa. Har sharri ya yi wa abokin sana'arsa Max Pechstein wai Bayahude ne alhali ba haka ba ne, a lokacin da wannan maganar kaɗai ta isa ta raba mutum da abincinsa.

Sadiya: To Malam ai kowa ta kansa yake yi a lokacin, tsoro ne.

Nura: A'a Anti, mai tsoro shiru yake yi. Shi roƙo ya dinga yi yana rubuta wa Goebbels, ministan farfagandar Hitler, cewa zanensa na asalin Jamusawa ne, so yake su karɓe shi, Hitler ne dai ya tsani salon. Bayan yaƙi sai ya juya labarin, wai a ɓoye ya yi ƙananan zanen nan na fentin ruwa, aka yi ta tausaya masa har ya mutu a 1956.

Sadiya: Wallahi abin na min ciwo, don ni zanensa ne ya sa na fara riƙe burushi. Ku dubi yadda yake zuba ja da ɗorawa a sama teku ta yi duhu kamar hadari zai kece, ga furannin lambun gidansa na Seebüll a arewacin Jamus sai ka ce garwashi.

Malam Habu: Ba wanda ya ce bai iya ba. Ko Angela Merkel, lokacin tana shugabar gwamnatin Jamus, zanensa biyu ne a ofishinta, sai 2019 da masu bincike suka baje takardunsa a Berlin ta sa aka sauke. Ni dai a gidan tarihi a rataye, amma a rubuta ko shi wane ne a gefe.

Nura: Ni ma nan na tsaya Malam.

Sadiya: Ku turo min wasiƙun in karanta da idona tukuna.