Katin hoto na wasan kwamfuta: abin da masu gyara a Damagaram suka tsayar

Katin hoto shi ne ɓangaren kwamfuta mai sarrafa hoton da ke fita a allo. Wanda ma'aunin kaifin hoton allonsa 1080p ne, samfurin kati RX 6600 ta ishe shi: ƙwaƙwalwa giga 8, wuta wat 132 kacal. RTX 3060 mai giga 12 ta ɗan fi ta, amma tana jan wat 170, sai da akwatin wuta (wanda ke raba wa sassan kwamfuta lantarki) na wat 550 mai fulogin fil 8. A nan mutane ke faɗuwa: su zuba jikkuna a kati, su bar tsohon akwatin wuta, wasa na yin zafi kwamfuta ta mutu.

Na hannu, irin waɗanda ake kawowa daga Kano, kada a biya sai an gwada. A buɗe GPU-Z, manhajar da ke nuna bayanan kati, a ga ko sunan katin na gaskiya ne, don akwai tsofaffin katunan da ake sauya wa suna. Sannan a kunna FurMark, manhajar da ke sa kati aiki mai nauyi don gwaji, na minti 20. In zafin katin ya haura digiri 85 na Celsius, ko ɗigo-ɗigo suka fito a allo, a mayar wa mai shi.

Zafin Afrilu da ƙurar hunturu su ne abokan gaba. A hure fanka duk wata, a riƙe ta da yatsa lokacin hurawa, kuma a ɗaga kwamfutar daga ƙasa.