Karen gadin gonata yana jinyar ajali, ina neman shawara

Manomin Gadarif ya rubuta:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Na daɗe ina jujjuya wannan magana a raina kafin in rubuta, domin na san akwai waɗanda za su ga bai dace magidanci mai shekara hamsin da ɗoriya ya zo neman shawara a kan kare ba. Ni manomin dawa da riɗi ne a wani ƙauye kudu da Gadarif, a ƙasar Sudan. Shekara 12 ke nan da na tsinci wannan kare yana ɗan kwikwiyo a gindin aduwa, na sa masa suna Ɗanbaƙi. Duk kaka, idan an yanke riɗi an jingine shi a gona don ya bushe, tare muke kwana a can, kuma ba sau ɗaya ba haushinsa ya tashe ni kafin dabbobin makiyaya su faɗa wa amfanin shekara guda.

Wata uku da suka wuce ya fara shan ruwa fiye da kima, yana yawan fitsari, sai rama, sai amai, bakinsa kuma ya soma wari. Na kai shi wurin likitan dabbobi a cikin gari, ya ɗebi jininsa, ya ce ƙodarsa ta gaza kuma babu warkewa, sai dai a sassauta masa. Ya ce idan wahalar ta yi yawa akwai allurar da za a yi masa ya tafi cikin barci. Yanzu yana kwance a kan tsohon buhu a ƙarƙashin rumfa. Jiya da ya ji ƙarar tarakta ya yunƙura zai bi mu gona kamar yadda ya saba, ƙafafun baya suka ƙi, sai ya mayar da haɓarsa ƙasa yana kaɗa wutsiya. Na juya baya don kada yarana su ga fuskata.

Shin addini ya yarda in bari a yi masa allurar nan? Yaya zan kula da shi a kwanakin da suka rage? Kuma wannan nauyi da nake ji a ƙirjina laifi ne?

Almajirin Maiurno ya amsa:

Wa alaikumus salam. Ɗan uwa, ka kwantar da hankalinka, domin karen da ka riƙe yana cikin waɗanda shari'a ta halatta. Hadisin da ya yi gargaɗi a kan ajiye kare shi ne kuma ya ware na farauta da na kiwo da na gona. A mazhabarmu ta Malikiyya kuwa kare mai rai ba najasa ba ne a jikinsa, wanke ƙwarya sau bakwai idan ya yi lallagi a cikinta bin umarni ne kawai. Saboda haka ka taɓa shi, ka gyara masa makwanci, ka wanke hannunka don tsafta.

Ka kuma tuna da hadisin Abu Huraira da Bukhari da Muslim suka rawaito, na mutumin da ya sauka rijiya ya ɗebo ruwa da huffinsa ya shayar da kare mai ƙishirwa, Allah Ya gafarta masa. Da sahabbai suka tambaya ko akwai lada a kyautata wa dabbobi, Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya sanar da su cewa akwai lada a kan duk mai ɗanyar hanta, wato duk mai rai. Wancan bawan Allah sau ɗaya ya shayar da karen da bai sani ba, kai kuwa wata uku kana jinyar wanda ya yi maka hidima shekara 12.

Game da allura, Shaihu Halil ya ambata a cikin littafinsa Muhtasar cewa ya halatta a yanka dabbar da ba a cin namanta idan an fid da rai da ita, kuma masu sharhi sun bayyana cewa don a hutar da ita ne. Akwai malaman da suka fi son a bar ta har ajalinta ya zo, amma a mazhabarmu ƙofar a buɗe take matuƙar masani ya tabbatar babu warkewa kuma dabbar tana cikin azaba. Ba a yi masa wanka ko likkafani ko salla, sai dai a rufe shi a rami. Hawaye kuwa tausayi ne da Allah Yake sanyawa a zuciya, abin da aka hana shi ne fushi da ƙaddara.

Ma'aikacin lafiyar dabbobi daga Kasala ya amsa:

Sannu da ɗawainiya, Malam. Abu na farko da zan roƙe ka shi ne kada ka ba shi maganin ciwon jiki na mutane, musamman ibuprofen da diclofenac, domin suna ƙara lalata ƙoda kuma suna jawo gyambon ciki ga kare. Na ga mutane da yawa sun yi haka da kyakkyawar niyya, suka ƙara wa dabbar wahala. Ka bar ruwa mai tsafta kusa da bakinsa dare da rana, idan ya kasa lasa ka jiƙa tsumma ka riƙa ɗiga masa a gefen baki a hankali. Abinci ya zama mai laushi, kaɗan-kaɗan, marar gishiri, kamar asida, wato tuwo, da aka dama da ruwa da ɗan farin ƙwai dafaffe, ka guji ba shi ƙashi da busasshen kifi. Idan ya ƙi ci kada ka yi masa ɗura, domin dattin da ƙoda ta kasa tacewa ne yake taruwa a jini yana tayar masa da zuciya. Likitan zai iya ba shi maganin amai, ya kuma koya maka yadda ake ƙarin ruwa ta ƙarƙashin fata idan ana samun ruwan a wurinku.

Ka riƙa juya shi daga gefe zuwa gefe bayan 'yan sa'o'i don kada kwanciya ta fasa masa fata, ka kuma yayyafa ruwa a ƙasan rumfar da rana saboda zafin Gadarif. Ranar da ya daina shan ruwa gaba ɗaya, ko ya fara farfaɗiya, ko yake kwana yana nishi, to lokacin ya yi. Idan an yi allurar, ka haƙa rami mai zurfi sosai ka danne da duwatsu, domin maganin yana zama a jikin gawar kuma yana iya kashe kura ko ungulu ko wani karen da ya ci.

Baƙuwar Bur Sudan ta amsa:

Yaya, ban saba rubutu a nan ba, amma maganarka ta hana ni barci. Mu mutanen Wad Madani ne. Da yaƙi ya shigo garin a watan Disamba na 2023, mun fito da abin da hannu zai iya ɗauka, motar da muka samu kuwa ko mutane da ƙyar ta kwashe. Muna da karya mai gadin gida wadda ta girma tare da autana. Na cika mata babbar roba da ruwa, na juye mata sauran kisra, wato burodin dawa, na bar ƙofa a buɗe. Ta bi motar har bakin titi, daga nan ban sake ganinta ba, kuma har yau ban san inda ta ƙare ba. Mun rasa abubuwan da suka fi ta nesa ba kusa ba, shi ya sa ban taɓa iya faɗa wa kowa cewa ina tuna ta ba. Kai Allah Ya ba ka damar da ni ban samu ba. Ka zauna kusa da shi, ka kira sunansa, kuma kada ka ɓoye wa yaranka fuskarka, domin su ma suna ɓoye maka tasu.

Manomin Gadarif ya sake rubutawa:

Allah Ya saka muku da alheri. Ɗanbaƙi ya tafi daren Laraba. Na riga na yi magana da likitan cewa zai zo ranar Alhamis da allurar, domin tun Talata karen ya daina shan ruwa, amma bai kai ranar ba. Na fitar da angarib ɗina, wato gadon igiya, na kwana a rumfar kusa da shi, hannuna a kan wuyansa, kuma kafin kiran assalatu numfashinsa ya yi nisa-nisa har ya tsaya. Ƙanwata ta Bur Sudan, na bi shawararki, na tashi babban ɗana da ƙaramin, muka ɗauke shi tare a cikin buhun nan nasa. Ƙasar gonarmu baƙar laka ce mai tauri da rani, sai da muka zuba ruwa jarka biyu kafin diga ta shiga. Mun rufe shi a gindin aduwar da na tsince shi, muka danne da duwatsu kamar yadda Malam na Kasala ya ce. Kwanonsa yana nan a rumfa, ƙaramin ɗana ya ce a bar shi har bayan kaka.