Abin da matan da hawan jinin ciki ya kwantar suka faɗa

Mun zauna da mata da dama da aka taɓa kwantarwa a asibiti saboda hawan jinin masu juna biyu, wanda yakan bayyana bayan ciki ya kai mako 20. Duk bakinsu ya zo ɗaya: in awo ya kai 140/90 kuma aka ga furotin a fitsari, kada a yi gardama da likita. In aka yi sakaci, jijjiga na iya biyo baya.

Alamomin da suka ce a kai kuka nan take, ko da tsakar dare ne: ciwon kai mai nacin tsiya, gani dishi-dishi, ciwo ƙarƙashin haƙarƙarin dama, kumburin fuska da hannu har zobe ya ƙi fita.

Allurar magnesium sulfate, wadda ke hana jijjiga, ita ta fi ba su tsoro. Wata ta ce jikinta ya ɗauki zafi kamar an kunna murhu a ƙirjinta, amma ya wuce. In cikin bai kai mako 34 ba, akan yi allurar da ke gaggauta ƙwarin huhun jariri.

Zaman gadon ma jarrabawa ne. Ki samu wadda za ta riƙe yara a gida, ki riƙa rubuta awon jininki a ɗan littafi, ki tambayi nas duk abin da ya shige miki duhu.

Abin da ya fi damuna: mutane na ɗauka haihuwa ta kawo ƙarshen hawan jinin. Ciwon na iya tasowa har mako 6 bayan haihuwa, don haka a bar kunun kanwa, a ci gaba da awo.