Maraɗi, Kumasi ko Njamena: ta yaya zan gane kasuwar da ta dace da sabuluna?

Mai Sabulu Sharaɗa ya rubuta:

Assalamu alaikum. Ina da ƙaramar masana'antar sabulun wanki a Sharaɗa cikin birnin Kano, kuma galibin masu ɗaukar kayana 'yan sari ne na Kasuwar Singa da ta Sabon Gari. Tun bayan cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, da kuma ƙarin kuɗin wutar lantarki na watan Afrilun 2024, kuɗin sarrafa kaya ya yi tashin gwauron zabi, alhali mai saye a gida ya koma neman ƙaramin yanka mai araha. Wannan ne ya sa nake tunanin neman kasuwa a wajen Najeriya, kuma wurare uku ne a gabana: Maraɗi da Damagaram saboda kusanci, Kumasi saboda ina da dangi a Zango, sai Njamena wadda ake ce mini kayan Kano suna da farin jini a can. Jarina ba zai ɗauki ukun a lokaci guda ba. Abin da nake nema daga masana da waɗanda suka daɗe a harkar shi ne, waɗanne alamu ne na wajen masana'anta, irin su canjin kuɗi da dokar ƙasa da halin iyaka, ya kamata in duba, kuma yaya zan auna su kafin in zaɓi ɗaya?

Malamin Tattali ya amsa:

Wa alaikumus salam, Alhaji. Kafin ka jera ƙasashen nan kana kwatanta su, ka fara raba alamun gida biyu: waɗanda za su daɗe, da waɗanda suka zo da wani lamari kuma za su tafi da shi. Mafi yawan masu fita da kaya a 'yan shekarun nan kan na biyun suka gina lissafinsu, suna zaton na farkon ne.

Canjin kuɗi ne babban misali. Kafin watan Yunin 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin gwamnati, amma zuwa farkon 2024 ta haura naira 1,500. Sefa kuwa a ɗaure take da kuɗin Yuro, sefa 655.957 a kan Yuro ɗaya, saboda haka ba ta bi naira ta faɗi ba. Sakamakon haka kayan Najeriya suka zama tamkar kyauta ga mai riƙe da sefa, 'yan kasuwar Maraɗi suka yi ta kwasar kaya a Kano. To amma ka dubi abin da ke cikin sabulunka. Sodar da kake haɗawa da ita da turaren da kake zubawa da dala ake shigo da su, man da kake dafawa ma farashinsa yana bin na kasuwar duniya, ga hauhawar farashi da ta kai kashi 34.8 cikin ɗari a watan Disambar 2024 tana cin albashin ma'aikata da kuɗin mota. Arahar da faɗuwar naira ta ba ka tana narkewa a hankali, domin kuɗin sarrafawa yana biyo ta a baya har ya cim mata. Shawarata ita ce ka yi lissafin katan ɗaya sau uku: da canjin yau, da canjin da naira ta ƙara ƙarfi da kashi ashirin cikin ɗari, da kuma wanda ta sake faɗuwa. Kasuwar da ribarta ta tsaya a kan lissafi ɗaya kawai daga cikin ukun, canji ne yake sayar maka da kaya a cikinta, ba ingancin sabulu ba.

Alamun da suke daɗewa kuwa su ne yawan jama'a da shekarunsu, da ƙaruwar birane, da hanyoyin sufuri. Nijar tana cikin ƙasashen da suka fi kowa yawan haihuwa a duniya, kusan rabin jama'arta yara ne 'yan ƙasa da shekara 15, kuma gidan da ke da yara da yawa ba ya rabuwa da wanki. Yawancin mutanen ƙasar a kudu suke, wato a bakin iyakarmu. Akwai kuma layin dogon Kano zuwa Maraɗi da aka aza harsashinsa a watan Fabrairun 2021, ko da yake ni ba zan sa shi cikin lissafi ba sai ranar da jirgi ya fara ɗaukar kaya. Sai dai yawan jama'a ba shi ne yawan kuɗi a hannu ba. Wannan kasuwa ce ta ƙaramin yanka da riba kaɗan a kan kaya masu yawa, irin wadda ka ce ta ishe ka a gida.

Ɗan Jibiya ya amsa:

Malam ya yi bayani mai kyau a kan canji, amma a ganina ya bar abin da ya fi kashe jari a wannan hanya, wato iyaka. Canji yana rage maka riba ne, iyaka kuwa tana tsayar da kasuwancin gaba ɗaya, kuma ba ta ba da sanarwa. Gwamnatin Najeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa a watan Agustan 2019, ba a fara buɗe su ba sai Disambar 2020. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 a Yamai aka sake rufewa saboda takunkumin ECOWAS, aka cire takunkumin a Fabrairun 2024, sannan aka buɗe a watan Maris. Ke nan cikin shekara biyar an rufe hanyar sau biyu, kowane lokaci na tsawon watanni. Wanda ya ba da kaya bashi kafin rufewa, ko yake da tirela a kan layi, shi ya san yadda abin yake.

Duk da haka ba ina hana ka Nijar ba ne, Alhaji, domin siyasar da ta kawo haɗarin ita ce kuma ta buɗe wata ƙofa. Bayan an ɗage takunkumi Nijar ta ci gaba da rufe nata ɓangaren iyakar Binin, kayan da a da suke shigowa ta Kwatano su ratsa Gaya suka koma zagayawa ta Lome da Burkina Faso, hanya mai tsawo da tsada da rakiyar sojoji. Duk abin da ya tsadar da sabulun da ke zuwa daga bakin teku, ya sauƙaƙa wa naka da zai shiga ta Jibiya ko Maigatari. Ka dai sani cewa ita ma wannan dama tana cikin rukunin da Malam ya ce za su wuce, ranar da Nijar da Binin suka daidaita.

Abu na biyu da za ka sa wa ido shi ne harajin duwan, wato kwastan. Ficewar Nijar da Mali da Burkina Faso daga ECOWAS ta tabbata a ranar 29 ga Janairun 2025, kuma ko da yake ƙungiyar ta ce a ci gaba da mu'amala da kayansu bisa tsarin sassaucin haraji har sai an ga abin da hali ya yi, ƙasashen uku sun sa harajin rabin kashi ɗaya cikin ɗari a kan kayan da ke shigo musu daga waje a watan Maris na shekarar. Kuɗin ba shi da yawa, amma yana nuna inda aka dosa. Idan ni ne kai, ba zan kama sito a Maraɗi ba tukuna. Zan nemi babban ɗan sari guda ko biyu da za su karɓi kaya su biya nan take ko rabi da rabi, kuma in fara bayan kaka, lokacin da manomi ya sayar da wake da gyaɗa kuɗi suka shiga ƙauye.

Hajiyar Zango ta amsa:

Ɗan'uwa, a kan Kumasi zan yi magana tunda a nan nake zaune. Mutanen Ghana sun fi na sauran wuraren biyu kuɗin sayayya, wannan gaskiya ne, amma dokar zuba jari ta 2013 ta keɓe wa 'yan ƙasa sayar da kaya a cikin kasuwa da ƙananan shaguna, kuma ta ɗora wa baƙon da zai buɗe kamfanin saye da sayarwa jarin dala miliyan ɗaya da ɗaukar 'yan ƙasa ashirin aiki. A kan wannan doka ne aka riƙa kulle shagunan 'yan Najeriya a 2019 da 2020. Saboda haka ka bincika matsayin dokar a yau kafin komai, kuma ka ɗauka cewa ta hannun wakili ɗan ƙasa za ka shiga, bayan ka yi wa sabulun rajista a hukumar abinci da magunguna ta nan, domin lambar NAFDAC kaɗai ba ta wadatarwa. Ga kuma gasa: Key Soap ya daɗe a gidajen mutane, matan kasuwar Kejetia ta nan Kumasi sun san shi tun suna yara. Sidi ma, wato kuɗin Ghana, ba kamar sefa ba ce, tana hawa tana sauka. A Disambar 2022 hauhawar farashi a nan ta kai kashi 54.1 cikin ɗari. Dangi a Zango za su ba ka masauki su haɗa ka da mutane, amma kayanka sai sun ratsa ƙasashe biyu kafin su iso, kuma sabulu kaya ne mai nauyi mai ƙarancin riba.

Mai Sabulu Sharaɗa ya sake rubutawa:

Allah ya saka muku da alheri baki ɗaya. Bayanin Hajiya ya sa na jingine Kumasi a yanzu. Saura Njamena, wadda babu wanda ya taɓo ta. Tunda su ma sefa suke kashewa, shin lissafin da Malam ya yi a kan Nijar ya shafe ta?

Malamin Tattali ya amsa:

Ya shafe ta ta fuskar canji kawai, Alhaji, shi ma da sharaɗi. Sefar Cadi da Kamaru ta babban bankin Afirka ta Tsakiya ce, ta Nijar kuwa ta babban bankin Afirka ta Yamma. Darajarsu ɗaya a kan Yuro, amma takardun daban ne, kuma ɗan canji a kasuwar Wapa ta Kano ba lallai ya ba ka farashi ɗaya a kansu ba. Cadi ba ta taɓa zama cikin ECOWAS ba, don haka babu sassaucin harajin da za ka dogara da shi, alhali sabulun Kamaru, ƙasar da ke da manja da manyan masana'antun sabulu a Duwala, yana shiga ne a matsayin kayan ƙungiyarsu ta tattalin arzikin Afirka ta Tsakiya, wato CEMAC. Kai kuma kayanka za su bi Maiduguri da Dikwa zuwa Gamboru Ngala, su tsallaka Fotokol su ratsa Kamaru har Kusiri kafin su haye gada, wato kwastan na ƙasashe uku da hanyar da matsalar tsaro ta daɗe tana tsadar da kuɗin mota a kanta. Farin jinin da ake faɗa maka na atamfa da takalma da kayan roba ne, waɗanda ribarsu take iya ɗaukar wannan ɗawainiya. Ka sa wani ya sayo maka sabulun da ya fi tafiya a babbar kasuwar Njamena da wanda ya fi tafiya a ta Maraɗi, ka auna nauyin kowanne a sikeli, ka fitar da farashin giram ɗari, sannan ka kwatanta da naka bayan ka ɗora masa kuɗin mota da na duwan da ladan ɗan sari.